Rasuwar 'Yar Rigima, Fitilar da Aka Nuna wa Madubi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin cikin nauyi wanda za a zo kansa a gaba, Malam mai kula da ɗakin gwajin haske, ɗakin nan mai baƙin labule da ke ƙarshen baranda a hawa na ƙasa, yana sanar da abokan aiki da ɗalibai da duk wanda ya taɓa leƙowa aka daka masa tsawa ya rufe ƙofa, rasuwar fitilar leza da aka fi sani da 'Yar Rigima. Ta rasu a kan teburin aikinta, tana fuskantar madubinta, bayan jinyar da ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Kafin a shiga tarihin marigayiya akwai gyara. Maganar da ke yawo a baranda ita ce wai ɗalibar Malam, wadda ake kira Uwar Tagwaye, ita ta yi sanadi. Ita ma haka ta yarda, kuma haka ta shirya faɗa wa kwamitin sashe ranar Alhamis, lokacin da zai zauna ya duba ko a ƙara mata lokacin kammala digirinta na uku ko a sallame ta. Kwamitin nan yana tausaya wa wanda kayan aiki suka mutu masa, amma bai taɓa ɗaga ƙafa ga wanda ya kashe su da sakaci ba. Ana roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, ya kuma daure ya kai ƙarshen sanarwar, ko da tsawonta ya wuce na sanarwa.

Marigayiya ba ta da girman jiki. Ita kanta ba ta kai ƙwayar gishiri ba, gidan ƙarfen da aka rufe ta a ciki kuwa bai wuce maɓallin riga ba. Ta iso ɗakin ne cikin wata 'yar leda mai ƙyalli tare da 'yar'uwarta, tagwaye ne da aka yanko daga faifai ɗaya a masana'anta. Haskenta irin wanda idon mutum ba ya gani ne. Sai an tara wani ɗan kati a gabanta sannan ɗigo ja yake bayyana, a san tana raye. Ta yi shekaru tana aiki a duhu ba wanda ya ce mata sannu, kuma ba a taɓa jin ta koka ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan mamaci: ba da rigima aka haife ta ba. Ranar da aka fara kunna ta, haskenta launi ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, layinta a allon na'ura kwance samɓal kamar an ja shi da rula. Da an bar ta haka, da ta tsufa cikin mutunci a wani akwatin sadarwa. Malam ne ya kawo madubin.

Madubin bai fi farce girma ba. Aka kafa shi kimanin tsawon hannu daga bakinta, ta yadda haskenta zai je ya dawo ya sake shiga inda ya fito. Tafiyar ba nisa, amma ko yaya ne hasken a makare yake dawowa, ya tarar ta wuce waccan maganar tana wata. Sai ta juya ta amsa tsohuwar, amsar ta je madubi ita ma ta dawo a makare, ta sake amsawa. Duk wanda ya taɓa zama da mai tuna masa abin da ya faɗa ɗazu a tsakiyar abin da yake faɗa yanzu ya san inda irin wannan zama yake ƙarewa. Layin nan kwantacce ya tashi ya kama tsalle, sama da ƙasa, da saurin da hankali ba ya kamawa, kuma bai taɓa maimaita tsalle ɗaya sau biyu ba. Masana suna kiran wannan hali hargitsi. Malam ya kira shi nasara, ya yi rubuce-rubuce a kansa, aka ƙara masa girma. Sunan 'Yar Rigima ma shi ya laƙaba mata, yana dariya, alhali shi ya koya mata rigimar. A kwanakin nan yakan zauna ya tuna wannan dariyar, kuma ba ta yi masa daɗi.

Tsakaninta da madubin akwai wani ɗan baƙin gilashi. Aikinsa ya tare yawancin hasken da ke dawowa, ya bar kaɗan ya wuce. Kaɗan ɗin ya isa ya hargitsa ta. Mai yawa kuwa ƙone mata baki zai yi, musamman idan an cika mata wuta. Wannan ne karatun farko da Malam yake biya wa kowane sabon shiga, yatsa a sama: ba a cire baƙin gilashi, ba a murɗa wuta ta haye jan layi, ba a taɓa fitila sai da igiyar hannu, wato zaren da ake ɗaurawa a wuyan hannu ya kwashe ɗan lantarkin da jikin mutum yake tarawa. Malam ya taɓa tsayar da wani babban baƙo a bakin ƙofa saboda rigar sanyinsa tana tartsatsi. Labarin ya zagaya ginin, kuma Malam bai taɓa hana a ba da shi ba.

Daga cikin kyawawan halayen marigayiya, babu kamar riƙon zumunci. Duk haukan nan da take yi, akwai wadda take gane ta. Idan aka ɗebi kaɗan daga haskenta aka zuba wa 'yar'uwarta, sai 'yar'uwar ta kama tsalle iri ɗaya, sama tare, ƙasa tare, ba wadda take riga wata. Shi ya sa ake ce mata 'Yar Amshi. Wata fitilar daban, komai tsadarta, ba ta iya bin wannan rawar. Sai wadda suka fito daga faifai ɗaya. A nan amfanin abin yake. Ana iya cusa ɗan saƙo a cikin hayaniyar 'Yar Rigima a tura ta cikin zaren gilashi, duk wanda ya saurara a hanya shirme zai ji. A ɗaya gefen 'Yar Amshi za ta maimaita hayaniyar kaɗai, ba ta maimaita saƙon, don ba daga gidansu ya fito ba. A ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne saƙon, tas.

A baki abin da sauƙi. Wadda ta sa ya tabbata ita ce Uwar Tagwaye, kuma daga nan ta sami sunan. Malamar sakandare ce da ta dawo karatu da girmanta, da 'ya'yanta, da miji direban babbar mota wanda hanya ta fi gida ganinsa. Ita ta gano ɗumin da kowace fitila take so, ita ta san cewa 'Yar Rigima ba ta son a tashe ta da garaje, sai a hankali, kamar jinjiri mai mura. Ta sha yin wuni guda tana juya sukurun madubi da yatsu biyu, ta fito idanunta jajur. Saƙon farko da ta ɓoye a cikin hayaniyar muryar autarta ce daga waya, tana cewa, "Mama, yaushe za ki dawo?" Muryar ta shiga hargitsi ta fito ɗaya gefen ba ko kwarzane. Ranar Malam da kansa ya fita ya sayo wa kowa lemo. Abin da ya rage mata awo ɗaya ne, na babin ƙarshe, a kan dogon zare.

Marigayiya ba mai surutu ba ce, amma tana da 'yan sautukanta. Akwai ƙas ɗin makunninta da safe. Akwai fuuu ɗin 'yar fankar da ke sanyaya ta. Akwai kuma muryarta ta ainihi, wadda Uwar Tagwaye ta naɗa a kwamfuta ta rage mata gudu har kunne ya iya ji: shaaa, kamar ruwan sama a kan kwano, sai tak, ta ɗauke, sai ta dawo tana haurowa. Malam ya daina iya sauraren wannan naɗin.

Yanzu sai jinyar ajali, kuma a nan ne ake son mai karatu ya gyara zama.

Ranar Asabar da rana, ginin ba kowa, yayan Malam ya kawo masa ziyara. Yaya mai walda ne, shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu, shi ya cire shi daga riƙe masa sandar walda ya tura shi makaranta. Shekara da shekaru yana cewa zai zo ya ga abin da ƙanensa yake yi, sai ranar Allah ya yi. Ya zo cikin rigarsa ta fita, ya goge takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Malam ya ɗaura masa tabarau na kariya, ya kunna marigayiya a hankali yadda take so.

"Yaya, ga ta nan," in ji Malam.

"Ina?"

"A cikin wannan ƙarfen."

"Na ga ƙarfe. Hasken nake tambaya."

Malam ya tara katin, ɗigon ja ya fito. Yaya ya sunkuya ya dube shi ya jima, sannan ya dubi tsalle-tsallen da ke allon, ya ce jikarsa ma tana irin wannan zanen a bango ana dukanta. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka bakinsa yake.

"Yanzu duk shekarun nan da nake cika baki a kasuwa ina cewa ƙanena masanin haske ne, wannan ɗigon ne?" in ji shi. "Ni haskena daga bakin titi ake kauce masa. Naka sai an rantse wa mutum."

Daga nan idonsa ya sauka kan baƙin gilashin, fuskarsa ta washe, don ya ga ɗan gida.

"Ai ga matsalar nan. Wannan irin na fuskar walda ne. Wa yake neman haske ya kafa baƙin gilashi a gaba? Cire shi, ƙanena, mu gani."

Yaya bai san komai a kan abin ba, kuma ba a ɗora masa ko ƙwayar laifi. Malam ya sani. Ya san cire gilashin ba zai ƙara wa ɗigon wani hasken kirki ba, ya san abin da zai iya biyo baya, shi da ya yi shekaru yana ɗaga wa mutane yatsa. Amma a gaban ɗalibai ne yake Malam. A gaban wannan mutum, har yau yaron nan ne mai miƙo sanda, wanda bai taɓa cewa a'a ba, kuma wanda yake so ko sau ɗaya ya ga Yaya ya jinjina kai. Ya zare gilashin ya miƙa masa. Da ya ga Yaya bai gamsu ba, sai ya kama makunnin wuta ya murɗa, ya isa jan layin, ya haye.

Marigayiya ta yi iya ƙoƙarinta, wannan shaida ce da za a ba ta ko'ina. Tsallen da ke allon ya cika shi daga sama har ƙasa, ɗigon ya yi jajur, Yaya ya ce, "Yawwa, yanzu ka yi magana." Sai layin ya faɗi ya kwanta. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba wari. Fanka ta ci gaba da fuuu ɗinta, tana sanyaya gawa.

"Ta gaji ne?" in ji Yaya.

"Ta gaji, Yaya. Hutawa take yi."

"To, ba laifi, ta yi ƙoƙari." Ya dafa kafaɗar ƙanensa, abin da rabonsa da yi tun ranar da aka ba Malam takardar digiri, ya tafi gida yana jin daɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da wauta ce kawai, kuma wauta tana da magani. Malam ya karɓi gilashin ya ga shatin babban yatsan Yaya a kai, baƙin mai da garin ƙarfe. Ya goga, garin ƙarfen ya kwarzane shi. Sai ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihu, ya buɗe durowa ya ɗauko wani sabo ya kafa a gurbinsa, ya mayar da wuta ƙasa, ya rufe tebur da mayafinsa. Ya ce wa kansa wataƙila in ta huce za ta farfaɗo. Mutumin da ya san cewa bakin leza in ya ƙone ya ƙone ke nan, shi ya faɗa wa kansa wannan magana, kuma ya kulle ƙofa a kanta.

Ranar Litinin Uwar Tagwaye ta shigo a makare, daga layin asibiti, autarta ta kwana da zazzaɓi. Ta yaye mayafi, ta ga mazaunin fitilar ya ɗan karkace, ta kai hannu ta gyara, sannan ta kunna. Ƙas. Ta tara kati, ɗigon ya fito dishi-dishi kamar garwashin da ya kwana. Ta ƙara wuta a hankali, layin bai motsa ba. Sai ta dubi wuyan hannunta, ta ga ba igiya. Igiyar tana can rataye a ƙusarta.

Malam yana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi. Ya ga duk abin da ya faru, ya ga inda idonta ya sauka, ya kuma ga ƙofar tsira da ta buɗe masa.

"Malam, na kashe ta," in ji ta. "Ban ɗaura igiyar ba. Hankalina yana kan yarinyar."

Magana ɗaya ce ta dace a wannan wuri, kuma tana kan harshensa, gilashin kuma yana aljihunsa yana taɓa cinyarsa. Abin da ya fito daga bakin Malam shi ne: "Sai haƙuri. Kowa yana kuskure." Ya faɗe ta da murya mai taushi, irin ta babba mai yafiya, har ta goge ido ta yi masa godiya. Kisan marigayiya ya ɗauki ƙiftawar ido, kuma Malam yana iya cewa hannunsa ne ya riga hankalinsa. Wannan maganar kuwa da hankalinsa ya yi ta, kuma kunyarta ce take hana shi cin abinci.

Tun daga ranar ta riƙa zuwa da wuri tana goge teburin da ba abin yi a kansa. Tana kunna 'Yar Amshi don kada ta yi sanyi, ta zauna tana kallon layinta kwance. Duk wanda ya yi mata jaje sai ta ce ita ta jawo, kuma ta ƙara da cewa Malam mutumin kirki ne, ko faɗa bai yi mata ba. Wannan yabon ya iso kunnen Malam ta bakin mutane daban-daban, kowane ya same shi kamar mari. Jiya kuma ta shigo ofishinsa ta ajiye mabuɗin ɗakin gwaji a kan tebur.

"Malam, gara in faɗa wa kwamiti da bakina," in ji ta. "Ba na so sakacina ya shafe ka. Ka yi mini abin da uba yake yi."

Ta fita ta ja ƙofa a hankali, yadda ya koya musu. Malam ya zauna da mabuɗi a gabansa da gilashi a aljihu, har shayinsa ya yi sanyi, sannan ya jawo takarda ya fara wannan sanarwa.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yar'uwarta 'Yar Amshi, lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta da wanda za ta yi wa amshi, don 'ya'yan wancan faifan sun ƙare a duniya. Ta bar madubinta, wanda ya mayar da abin da aka ba shi kamar yadda ya saba. Ta bar makunnin wuta, wanda ya je inda aka murɗa shi. Ta bar igiyar hannu, wadda aka yi wa ƙazafi kuma ake wanke ta a yau. Ta bar baƙin gilashi na asali, wanda ya tsare ta duk tsawon rayuwarta har ranar da aka sallame shi daga aiki. Ta bar babi guda da ba a rubuta ba, da wata yarinya mai tambayar yaushe Mama za ta dawo, wadda yanzu amsarta ta ƙara nisa, don sai an nemo wasu tagwayen an fara rainonsu daga farko.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da hantsi, a ɗakin gwaji. Za a goge marigayiya da takarda mai laushi, a ɗora ta ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu don duk mai son ganin fuskarta ya gani, da tabon ƙunar da ke bakinta. Daga nan za a mayar da ita cikin 'yar ledar da ta zo a ciki. Makwancinta durowar ƙasa ce, kusa da magabatanta, amma rakiya ba za ta bi gajeriyar hanya ba. Za ta haura sama ta tsaya a ofishin shugaban sashe, inda Malam zai kwance hankicinsa ya ajiye gilashin mai yatsa a kan tebur, ya maimaita da bakinsa abin da ke rubuce a nan, ya roƙi a ba Uwar Tagwaye duk lokacin da take bukata, a kuma ɗora kulawar ɗakin a hannun wanda ya fi shi riƙon doka. An gayyaci Yaya. Malam zai je shagonsa yau da yamma ya gaya masa cewa fitilar ba hutawa take yi ba.

Ana roƙon masu halarta su ɗaura igiyar hannu, don girmama mamaciya. Mai karɓar gaisuwa Uwar Tagwaye ce, idan ta yarda ta zo. An mayar da mabuɗinta yana rataye a ƙusar da ta saba, kuma idan ba ta zo ba, ba wanda zai ga laifinta. Malam ba ya cikin masu karɓar gaisuwa. Zai tsaya a ƙarshen layi, bayan kowa ya wuce, ya jira ta ɗago ta dube shi ko kada ta ɗago. Duk wanda ya gan shi a wurin ya wuce abinsa. Abu ɗaya ake roƙo: kada wani ya dafa shi ya ce masa kowa yana kuskure.